Idon Dillali a Kan Gidan Jingina

Wata ranar Talata, kasuwar Mafara ta cika ta batse, abokina malamin makaranta ya ja ni gefe ya ce ya ji labarin wani gida da banki ya sa a kasuwa. Ginin bulo ne, ɗaki huɗu da falo, ga rijiya, ga shaguna biyu a bakin hanya, kuɗin da aka yanka masa kuwa ko ginin irinsa zuwa linta ba za su yi ba. Shekara da shekaru yana tara kuɗin adashi da na shinkafar rani da yake nomawa a yankin Bakolori, haya ta ishe shi. Jikinsa har rawa yake yi. Na ce masa kafin ya taɓa ko kwabo, mu je wurin Baba.

Kowa Baba yake ce masa. Dillalin gidaje da filaye ne, ofishinsa benci a gindin darbejiya, kayan aikinsa tsohuwar jakar fata da igiyar awo da wata ƙusa doguwa da ba ya rabuwa da ita. Sana'ar ta kai shi Bakura da Maradun, ta kai shi Gusau da Sakkwato, karatun boko kuwa bai wuce firamare ba. Ya saurari abokina har ya kai aya, sannan ya ce, "Wa ka sai da shi?"

"Banki, Baba."

"Banki suna ne, Malam. Wane ne cikin bankin, kuma da wace takarda?"

Daga wannan tambaya na fara gane dalilin da ya sa masu kuɗin garin ba sa taya irin wannan gida sai sun ji ta bakinsa.

A Talata Mafara da Bakura da Maradun ba kowace rana ake ganin gidan da banki ya karɓe ba. Mafi yawan gidaje gado ne, ko kuma an saye su a gaban mai unguwa da shaidu, aka rubuta a takarda, hakimi ya buga hatimi. Banki ba ya ba da bashi mai nauyi a kan irin wannan takarda. Abin da yake so shi ne takardar mallaka ta gwamnati, wadda kowa ke kira si-of-o. Saboda haka gidajen da ke faɗawa hannunsa ƙalilan ne, kuma sanannu: gidan ɗan kwangilar da gwamnati ta riƙe wa kuɗi, gidan mai da ya daina sayar da mai, injin casar shinkafa, shagunan wani attajiri da kasuwa ta juya wa baya. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma su ɗora nasu a kai. Wanda ya ci irin wannan bashi, sannan hanyar ƙauyukan da yake sayen kaya ta rufe saboda 'yan bindiga, ba sai an yi duba ba an san inda zai kwana. To da yake abin ba ya yawan faruwa, waɗanda suka san kansa ma ba su da yawa.

Baba bai ce mu je mu ga gidan ba. Cewa ya yi a kawo masa hoton takardun.

Na zauna kusa da shi ranar da aka kawo su, ina kallon yadda yake karatu. Kan takarda yake fara dubawa. Jihar Zamfara an ƙirƙiro ta ne ranar 1 ga Oktoba 1996, kafin nan Jihar Sakkwato ce tun 1976, kafin nan kuma Jihar Arewa maso Yamma tun 1967. Gida ɗaya a Mafara yana iya kasancewa ɗauke da takardu masu sunan jihohi uku, kuma dole kowace ta miƙa wa ta gabanta hannu: wane ya sayar wa wane, wane ya gada daga wane, har a iso kan sunan wanda ya ci bashin. Inda sarƙar ta katse, nan Baba yake ɗora ƙusarsa ya tsaya. Sai ya duba lambar fegi da ta taswirar safiyo, domin daga baya zai je ya tono duwatsun iyaka ya ga ko lambar da ke jikinsu ita ce a takarda. Ya ce ya taɓa ganin takardar fegi guda an jinginar, alhali ginin ya hau fegi ɗaya da rabi, rabin na ƙanin mai gidan ne.

Daga nan sai ya nemi abin da yake kira sa hannun gwamna. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna amana, abin da mutum yake da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma ba a sayar da wannan izini ko a jinginar da shi sai gwamna ya amince. Akwai shari'ar da kowane lauyan filaye ya haddace: a 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci tsakanin bankin Savannah da wani mai suna Ajilo, wanda ya jinginar da kadararsa a Legas, da bankin ya tashi sayarwa sai ya ce ai ba a nemi amincewar gwamna ba. Kotu ta ce jinginar ba ta ƙullu ba. Baba bai taɓa kawo mini sunan wannan shari'a ba, amma hukuncinta yana bakinsa: in jinginar ba ta tsaya da ƙafarta ba, bankin abin da ba nasa ba yake sayarwa.

Jinginar ma iri biyu ce, kuma a nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Akwai wadda aka rubuta cikakkiyar yarjejeniya, aka biya kuɗin hatimi, aka yi rajista. Mai irin wannan yana da ikon sayarwa ba tare da ya je kotu ba, muddin lokacin biya ya wuce kuma ya cika sharuɗɗa. A jihohin Arewa da ba su yi tasu sabuwar doka ba, har yau wata tsohuwar dokar Ingila ta 1881 ake bi, wadda ta ce sai an ba mai bashi sanarwa ya yi wata uku bai biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata biyu yana bin sa, sai fa in yarjejeniyar ta tsara wani abu dabam. Akwai kuma wadda mutum kawai ya kai takardar gidansa ya ajiye a banki aka ba shi kuɗi. Wannan kam banki ba shi da ikon sayarwa sai alƙali ya ba da umarni. Takardar gidan tana hannunsu, gaskiya ne, amma riƙe linzami dabam, mallakar doki dabam.

Mai sayarwar ma ba kullum bankin ba ne. Wani lokaci AMCON ce, hukumar da aka kafa a 2010 don ta saye basussukan da suka gagari bankuna. Wani lokaci NDIC ce, mai tattara kayan bankin da ya durƙushe, kamar yadda ta yi da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yuni 2024. Wani lokaci kuma kotu ce ta sa a yi gwanjo, kuma a wannan doka ta ba da kwana 21 da za a iya neman a rushe cinikin in an yi ba daidai ba. Baba yakan ce wa wanda ya ci irin wannan gwanjo kada ya sayi ko buhun siminti ɗaya sai kwanakin sun cika an ba shi takardar kotu.

Duk wannan bai sa ya ɗauki kansa lauya ba, kuma abin da ya ƙara masa girma a idona ke nan. Da ya gama dubawa sai ya ce wa abokina ya ɗauki lauya, a je Gusau a binciki fayil ɗin gidan a hukumar filaye ta ZAGIS, a ga ko akwai wani mai bin bashi a kansa ban da wannan, ko kuɗin ƙasa na shekaru ya taru, sannan a leƙa rajistar Babbar Kotu a ga ko akwai ƙara. "Shi ya san abin da ke cikin hwayil," in ji Baba, "ni na san abin da ke cikin gari."

Abin da ke cikin gari kuwa shi ne asalin gwanintarsa.

Ya je unguwar sau uku bai taka ƙofar gidan ba. Ya yi sallar la'asar a masallacinsu, ya sha shayi wurin mai shayin bakin layi, ya kai wa mai unguwa gaisuwa. Ba ya tambaya kai tsaye. Zai ce, Allah sarki, wannan ba gidan marigayi wane ba ne? Sai wani ya gyara masa, wani ya ƙara, kafin kofin shayi ya huce ya ji wanda ya gina gidan, da 'ya'yan da ya bari, da ko an raba gado ko ba a raba ba. Wannan ta ƙarshe ita ce babbar tambaya. Sau da yawa babban wa ne ke karɓar si-of-o da sunansa a kan gidan da yake na magada duka, ya kai banki, ƙannensa mata suna gidajen aurensu ba su sani ba, mahaifiyarsu da tumuninta na takaba tana ɗakin baya. A takarda mutum ɗaya ne mai gida. A kotun Shari'a kuwa, wadda a Zamfara ta ƙara ƙarfi tun da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a 1999, mutum ba ya jinginar da rabon wani. Ga kuma haƙƙin shufa'a a mazhabar Malikiyya: in aka sayar da kason wani a cikin gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa yana iya biyan kuɗin da aka saya ya karɓe, kuma yana da kimanin shekara guda ya yi hakan. Sai mai saye ya wayi gari yana Babbar Kotu kan maganar jingina, yana kotun Shari'a kan maganar gado, gida ɗaya alƙali biyu.

Akwai kuma abin da ba ya cikin kowace doka, wanda a ganina ya fi duk sauran nauyi. Kalmar jingina ta riga banki zuwa ƙasar nan. Manomi in ya shiga matsi yakan jinginar da gonarsa, wanda ya ba da kuɗi ya riƙa nomawa, ranar da mai gona ya kawo kuɗin, ko bayan shekara ashirin ne, ko ɗansa ne ya kawo, a mayar masa da abinsa. Jinginar gargajiya ba ta mutuwa. Ta banki kuwa tana da wa'adi, tana da ruwa, tana ƙarewa da sayarwa. Kalma ɗaya ce ake kiran abu biyu da ita, mutanen unguwa kuma da ma'anar farko suke ji. Don haka a idonsu wanda ya sayi gidan jingina bai saya ba, riƙo yake yi. Shekara goma zai yi a ciki ana kiran gidan da sunan tsohon mai shi. Matarsa za ta je suna a yi shiru in ta shigo. Wasu malamai ma za su ce masa ya taimaki riba, ko da yake wasu na ganin ciniki ne halal tunda bashi ake biya da shi. Mutanen wannan yanki kuwa ba su da mantuwa kan ƙasa. Dam ɗin Bakolori an kammala shi a 1978, a Afrilun 1980 manoman da suka tsaya kan gonakinsu da diyyarsu suka gamu da 'yan sanda, aka rasa rayuka masu yawa, har yau akwai tsofaffin da za su nuna maka ruwa su ce ga inda gonar babansu take. A irin wannan wuri takarda ba ta isa ta ba mutum barci.

A Amurka, bayan rikicin bashin gidaje na 2008, masu saye kan tarar da gida wayam, an rufe da kwaɗo, ciyawa ta cinye ƙofa. A nan gida ba ya zama wayam. Akwai mata, akwai yara, akwai ɗan haya a shago wanda ya biya kuɗin shekara, wanda doka ta ce sai an ba shi notis na wata shida, sannan na kwana bakwai, sannan kotu. Banki zai sayar maka da gidan yadda yake, kuma "yadda yake" ɗin ya haɗa da duk wanda ke kwance a ciki. Fitar da su aikinka ne.

Shi ya sa Baba yake yin abin da ƙananan dillalai ke gudu: yana zuwa wurin mai bashin da kansa. Ya tafi da mu bayan isha'i, da goro a aljihu. Muka yi sallama a zaure, mai gidan ya fito, dattijo ne da ganinsa ka san ya taɓa riƙe kuɗi. Bayan gaisuwa ta yi tsawo, Baba ya ce, "Alhaji, ban zo in ƙara maka zahi ba. An kawo man maganar gidanga, ni kau ba ni shiga gida ta bayan mai shi." Alhajin ya yi shiru har na zaci zai tashi. Sai ya fara magana, ya yi kusan awa guda. A cikin maganar muka ji cewa sashen baya na ƙanwarsa ne, kuma ta riga ta shigar da ƙara. Bayan kwana biyu lauya ya bugo waya daga Gusau da labari iri ɗaya. Wanda ya sayi kadarar da ake shari'a a kanta, hukuncin da aka yanke zai hau kansa, ko nawa ya biya.

A hanyar komawa daga gidan Alhajin abokina ya ce amma Baba arahar fa. Baba ya ce arahar ce ta fara ba shi tsoro. Banki in ya sayar, zai cire bashinsa da ɗawainiyarsa, ragowar ta mai gida ce. In aka karyar da gida da kuɗin da hankali ba zai ɗauka ba, musamman in mai sayen yana da alaƙa da wani a cikin bankin, an ba mai gida sandar da zai je kotu ya ce an haɗa baki. Abokina ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Wata bakwai bayan haka Baba ya aiko a kira shi. Wani gida ne, bai kai na farko girma ba, shi ma banki ya ba da sanarwa, amma ba a kai ga gwanjo ba. Takardunsa sun fita tsaf, ba gado ba ne, mai shi da kansa ya sayi fegin ya gina. A nan na ga amfanin ƙusar. Ya bi jikin bango yana ƙwanƙwasawa, inda fulasta ta yi ƙarar ganga ya yi alama da gawayi. Ya soka ta a gindin ƙyauren ƙofa da katakon rufi, inda ta shige kamar a tuwo ya ce gara ta riga mu. Ya durƙusa ya nuna mana wani layi mai duhu a ƙasan katanga, kamu ɗaya daga ƙasa, ya ce nan ruwa ke tsayawa a watan Agusta, sai a duba inda kwata ta toshe. Ya jefa guga a rijiya ya shinshina ruwan, ya auna taku nawa ne tsakaninta da ramin masai. Ya sa aka ɗaga silin guda ya leƙa da tocila. Ya karɓi lambar mita ya ce a je a tambayo bashin wuta. Ya ce mutumin da bashi ya kama, gyaran gida ne abu na farko da yake bari, saboda haka shekarun bashin su ne shekarun da kwano ya yi yana yoyo ba mai hawa.

Sai ya zauna a kan bulo ya yi lissafi a bayan kwalin sigari: kuɗin gida, kuɗin lauya, kuɗin neman amincewar gwamna, hatimi da rajista, kuɗin ƙasa da ya taru, magini, kafinta, la'ada. Ya ce kuma a tuna banki ba ya jiran albashi. In gwanjo ne, galibi sai ka ajiye kashi 10 cikin 100 kafin alƙalami, a ba ka 'yan kwanaki ka cika, in ka kasa kana iya rasa abin da ka ajiye. Da aka tara, arahar ta ragu ƙwarai, amma ba ta ƙare ba.

Abin da ya yi daga nan shi nake kira gwaninta. Bai bari an kai ga ƙararrawar gwanjo ba. Ya yi ta kai da kawo tsakanin mai gida da manajan banki da lauyoyi biyu har aka amince mai gidan ne zai sayar da kansa, bankin ya sa hannu ya yarda. Aka yi ciniki a zaure kamar kowane ciniki, aka taya, aka ce albarka, aka ƙara, mai gida ya ce ya sallama a gaban mai unguwa da liman. Kuɗin kuwa Baba ya hana a damƙa wa kowa a hannu, ko mai gidan, ko wani ma'aikaci: kason banki ya tafi asusun bashin kai tsaye, aka karɓo takardar sakin jingina tare da ainihin si-of-o, ragowar ta shiga asusun mai gida. Kuɗin da abokina ya biya sun ɗan ɗara abin da wataƙila zai biya a gwanjo. Amma a bakin mutanen unguwa labarin ya zama wane ya sayar da gidansa ya biya bashi, maimakon banki ya ƙwace gidan wane, wane ya saye. Mai gidan ya fita da mutuncinsa da abin da zai kama haya ya sake jari. Baba ya roƙa masa arziki aka bar iyalinsa har bayan kaka, aka rubuta ranar tashi a cikin yarjejeniya, domin kunya ba ta hana shi rubutu.

Ranar da za a miƙa makulli na je. An kwashe kaya, saura tabarma da buta. Tsohon mai gidan ya kama hannun abokina ya zagaya da shi ɗaki ɗaki, yana ce masa wannan makullin sai an ɗan ɗaga ƙofar, wannan bishiyar lemun ba ta son ruwa da yawa. Da suka iso ɗakin kusurwa ya ɗaga kai ya nuna wani wuri a silin, can gefen taga, ya ce, "Malam, nan ma yana zuba, in iska ta taso daga gabas." Baba ya ɗaga tocilarsa ya duba, ya ciro gawayi daga aljihu ya yi alama a bango.